Wane mai za ka zuba wa taraktarka?

Da zarar hadari ya fara haɗuwa, masu tarakta a Kano sun shiga lissafin mai kafin su nufi Kura, Kadawa ko Bunkure aikin haro da huɗa. Kuma kowace shekara sai wani yaro ya zo da abin da ya gani a intanet: wai manoman Amurka da Ingila suna da jan gas, wato man dizal, mai araha, wasu ma man ɗumama ɗaki suke zubawa. Gaskiya ne, amma a can. Jan gas ɗin nan gas ne kamar kowane, rini kawai aka sa masa don a gane cewa an sauƙaƙa masa haraji saboda aikin gona, kuma wanda aka kama da shi a motar hawa zai sha tara. Mu nan ba mu da wannan tsarin, ba ma kuma ɗumama gida da mai. Saboda haka duk wanda ya nuna maka gas mai ja-ja a jarka ya ce "na noma ne", gurɓatacce yake son sayar maka.

Kananzir ba abin dogon zance ba ne: ba shi da santsi, yanzu kuma sau da yawa ya fi gas tsada. Baƙin man da masana'antun Sharaɗa da Bompai ke ƙonawa a tukunyar tururi kuwa, kaurinsa ma ba zai bar shi ya wuce filta ba.

Ni dai gas na babban gidan mai nake saye, wanda tireloli da manyan motoci ke layi a kansa, irin na titin Zariya ko wajen Hotoro. Dalili shi ne gidan man da ke ciniki kullum mansa ba ya kwana ya tara ruwa da laka a tankin ƙasa. Yawancin taraktocinmu tsofaffi ne, Massey Ferguson mai injin Perkins, da ragowar Fiat da Steyr da aka taɓa harhaɗawa a Kano da Bauchi. Fanfon injekta, wato mai tura gas cikin inji, na irin Massey ɗin nan ba baƙin man inji ke shafa shi ba, gas ɗin da ke ratsa shi ne ke yi masa maiƙo. In man ya tsinke ko ya zo da ruwa, ƙarfe ne zai yi ta cin ƙarfe a ciki, ba ka ji ba ka gani, sai ranar da injin ya ƙi tashi da safe. Sababbin John Deere da New Holland masu na'ura mai ƙwaƙwalwa sun fi wannan saurin fushi, nozil ɗinsu, wato bakin da ke fesa gas cikin inji, ramin siriri ne kamar gashi.

Ka je da duronka na lita 200, wankakke, ba wanda aka shafe cikinsa da tutiya ba, don gas yana cin tutiya ya kai ta nozil. Ka karɓi rasit. In ka kai gona ka kwantar da duron a ɗan karkace a inuwa, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ruwa da datti su kwanta, sannan ka riƙa ɗiba daga sama da mazurari mai rariya. Ka cika tankin tarakta da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki da sanyin asuba. Tun da matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024 samunsa ya yi sauƙi, kuma gidan mai yana da lasisin hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai, in an cuce ka akwai inda za ka kai kuka.

Ɗan bumburutu fa, wa za ka kai ƙara? Araha ba ta ado. Ba na cewa dukkansu macuta ne, akwai wanda daga gidan mai ya sayo ya ɗora ribarsa. To amma irin wannan dole ya fi gidan mai tsada. Wanda ya ba ka ƙasa da farashin famfo, tambayi kanka ina ya samo. Ko dai man da ake dafawa a daji ne a yankin Neja Delta, wanda ba a tace shi daidai ba, ko an sirka da fetur tunda fetur ya fi gas araha, ko an zuba tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, ko kuma ruwa a gindin jarka. Sirkin fetur ya fi muni, don bayan cin fanfo yana sa injin ƙwanƙwasa, kuma tururinsa na iya kama wuta kusa da injin da ya yi zafi.

Wani direba da na taɓa ɗauka haka ya yi min. Na ba shi kuɗin gidan mai, ya tsaya bakin hanya ya sayi na jarka ya soke canjin. Ana tsakiyar huɗa tarakta ta fara farin hayaki, ƙarfi ya tafi. Makanike ya buɗe fanfo ya ce, "Alhaji, wannan ba tsufa ba ne, mai ne ya ci shi." Muna ta yawo Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, manoman da suka ba da kafin alƙalami suna ta waya, damina kuwa ba ta jiran kowa.

In dole ta sa sai na jarka, ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti goma. Gas mai kyau garau yake, ruwan ɗorawa-ɗorawa. In ya yi hazo, ko baƙi, ko ka ga layi a ƙasa, bar shi. Ka shinshina, warin fetur ba ya ɓuya. Ka murza a yatsa, ya kamata ka ji santsi. In akwai sikeli kusa, lita 25 na gas kusan kilo 21 ne ban da nauyin jarka, abin da ya gaza haka sosai ko an sirka ko an tauye mudu. Sannan kada ka yarda da kwalbar da shi ya miƙo maka, kai za ka ɗiba, daga ƙasan jarkar da za ka biya kuɗinta.