Kmemleak: sharhi kan mai farautar yoyon memori a kanel ɗin Linux

Duk wanda ya taɓa rubuta modul (ƙarin shiri da ake lodawa) na kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, ya san cewa yoyon memori ciwo ne mai ci a hankali: shiri ya ari wuri da kmalloc, ya manta bai mayar da kfree ba, kuma tun da a cikin kanel abin ya faru, wurin ya salwanta ke nan har sai an kashe kwamfuta an sake kunnawa. Valgrind, kayan aikin da ake dogara da shi wajen gano yoyo a manhajoji na yau da kullum, hannunsa ba ya kaiwa nan. Wannan gurbi ne kmemleak ya cike, wanda Catalin Marinas na kamfanin ARM ya rubuta, ya kuma shiga Linux 2.6.31 a shekarar 2009. Kyauta ne, amma sai an kunna CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK lokacin harhaɗa kanel.

Yana ajiye bayanin kowane wuri da aka ara ta kmalloc, vmalloc ko kmem_cache_alloc, da girmansa, da jerin ayyukan da suka kai ga aron. Duk minti 10 sai ya bi memori yana neman adireshin kowane wuri, wanda kuwa bai samu mai nuni gare shi ba, sai ya kai rahotonsa a matsayin maraya. Ba ya gyara komai, tona asiri kawai yake yi.

Na gwada shi a kan wani ƙaramin direba (shirin sarrafa na'ura) da na rubuta, cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, bayan na lura layin Slab a /proc/meminfo, mai nuna memorin da kanel ya ware wa rumbunansa, yana ta hauhawa. Na aika clear zuwa /sys/kernel/debug/kmemleak domin ya kau da kai daga tsofaffin rahotanni, na loda modul ɗin na sa shi aiki, sannan na aika scan. Rahoton ya kawo adireshi, da girma, da baiti 32 na farkon wurin, da jerin kira wanda ya kai ni kai tsaye ga hanyar fita ta kuskure inda na tsallake kfree. Wannan jerin kiran shi ne mafi daraja a kayan aikin, amma a kula: idan aka cire modul kafin a karanta rahoto, sunayen ayyukansa sukan ɓace, a bar mutum da lambobi tsirara.

Ba ya rasa aibi. Yakan ɗora laifi inda babu, musamman idan an ajiye adireshi a sauye ko a cikin na'ura kaɗai, abin da ake magancewa da kiran kmemleak_not_leak, wanda ke gaya masa wurin ba yoyo ba ne. Yakan kuma wanke mai laifi idan wata lamba ta dace da adireshin bisa tsautsayi. Ba ya bibiyar wuraren da aka samu ta alloc_pages da ioremap, kuma yana rage saurin kanel, don haka na'urar gwaji ce wurinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yoyon da ba maraya ba. Idan direba yana ta tara abubuwa a jerin da ba ya taɓa ragewa, kowane wuri yana da mai nuni gare shi, saboda haka kmemleak zai yi shiru har memori ya ƙare. A irin wannan hali slabtop nake komawa, shirin da ke nuna girman rumbunan memorin kanel, in zuba ido a kan rumbun da yake kumbura.