Zotero, Mendeley, EndNote ko Turnitin: wanne ya dace da ajinka?

Idan makaranta ta gaji da ɗaliban da ke kwaso rubutu daga intanet su manna a aikinsu, Turnitin take fara sayowa. Ni a ganina, shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Aikinsa shi ne gwada rubutun ɗalibi da ayyukan da ke rumbunsa, ya fitar da kason kamanceceniya. Wannan kaso kuwa ba hukunci ba ne. Ɗalibin da ya ɗauko magana ya sa ta cikin alamar zance, ya ambaci mai ita, zai iya ganin an shafa mata launi, alhali wanda ya saci tunani ya sauya kalmomi ya tsira. Dole dai malami ya zauna ya karanta rahoton da idonsa.

Abin da ke gyara hannun ɗalibi tun yana rubutu shi ne manhajar tattara madogara, kuma a nan Zotero na fi so. Kyauta ce, ta fito a 2006 daga Jami'ar George Mason da ke Amurka. Ɗalibi yana kan shafin wata maƙala, sai ya danna maɓallinta, sunan marubuci da shekara da mujalla su shige ma'ajiyarsa. Yana rubutu a Word ko Google Docs, jerin manazarta na ginuwa da kansa. Wani malami ya ce a cikin tsare-tsaren rubuta manazarta APA yake so, wani ya ce MLA, nan take a sauya. Zotero tana da rauni: megabait 300 kacal na wurin ajiya a intanet take bayarwa kyauta, kuma wani lokacin takan jawo suna a juye ko ta bar gurbin shekara. Wannan ma darasi ne, domin ɗalibi zai koyi duba kowace madogara kafin ya miƙa aiki.

Mendeley, wadda kamfanin Elsevier ya saya a 2013, tana ba da gigabait 2, don haka ta fi dacewa da mai tara maƙalu da yawa. EndNote ta Clarivate ta kuɗi ce. In ba jami'arku ta riga ta biya ba, ɗan ajin farko ba ya buƙatarta.

Sai dai duk cikinsu babu mai koyar da haƙƙin mallaka, wannan nauyin na malami ne. Misali, ambaton mai hoto ba ya nufin ya ba ka izinin amfani da hotonsa. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, ta tanadi cewa aiki na samun kariya ba tare da rajista ba, galibi tsawon rayuwar mai shi da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Ka kai ɗalibanka Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, kowa ya zaɓi hoto, ya karanta lasisinsa na Creative Commons, wato sharuɗɗan amfani da hoton: BY na nufin a ambaci mai shi, NC ya hana kasuwanci da shi. Sannan kowa ya rubuta sunan mai hoton da lasisin a ƙarƙashinsa.