Avalon ko Chrysler 300? Ɗauki Avalon, ka rage canji a aljihu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wacce za ka saya tsakanin Toyota Avalon da Chrysler 300 don hawa a nan Kaduna. Ɗauki Avalon. Kada ma ka tsaya dogon lissafi.

Tawa ƙirar 2008 ce, na saye ta a 2019 kan naira miliyan uku da 'yan kai, lokacin dala tana wajen naira 360. 'Yar Beljiyam muke ce mata, amma daga Amurka ta fito, domin a jihar Kentucky aka riƙa haɗa su tun 1994 har zuwa 2022 da aka daina yin su a can. Abin da ya sa motar nan ta shiga raina, Hajiyarmu ce. Tana fama da ciwon baya, kuma duk wata sai na kai ta Zariya ganin likita. A tsohuwar motata, kafin mu wuce Mararrabar Jos ta fara gyara zama tana salati, mu tsaya a Jaji ta fito ta miƙe ƙafa. Ranar farko da na ɗauke ta a Avalon, na kwantar mata da kujerar baya kaɗan, don ƙirar 2005 zuwa 2012 kujerar bayanta tana kishingiɗa, kuma ƙasan wurin sa ƙafa kusan a shimfiɗe yake, babu tudun nan na tsakiya da ke takura mutum. Muna hawa gadar Kawo ta yi shiru da carbi a hannu. Ba ta farka ba sai a Kwangila, ta ɗago ta ce, "Au, har mun iso?" Tun daga ranar ba ta sake yi min maganar wahalar hanya ba. Wallahi ko wannan kaɗai motar ta yi min, kuɗina sun fita.

Amma ba daɗin zama ne zai riƙe maka mota a Kaduna ba, inji ne da kayan gyara. Avalon daga 2005 zuwa 2018, in ban da mai haɗin fetur da lantarki, tana ɗauke da injin nan mai silinda shida, lita 3.5, wanda ake kira 2GR-FE. Shi ne a cikin Camry mai silinda shida daga 2007, shi ne a Sienna da Highlander da Venza na shekarun, shi ne a Lexus ES350 da RX350. Ka tsaya minti goma a titin Ahmadu Bello ka ƙirga motocin nan da za su wuce ka. Duk bakaniken da ya san aikinsa a garin nan ya buɗe injin nan ya rufe ba sau ɗaya ba. Sarƙa ce ke juya shi, ba bel ba, saboda haka babu zancen canza bel ɗin taimin kowane 'yan shekaru. Wata ranar Alhamis da la'asar, ina dawowa daga Barnawa, motar ta fara rawa tana jan ƙafa. Kwayil ɗaya ne, abin nan da ke ba fulogi wuta, ya tsufa ya mutu. Bakanikena ya tura yaronsa kasuwar kayan gyara ta Panteka a Keke, kafin a kira magariba ya dawo da wanda aka ciro daga Sienna, aka ɗaura, na yi sallah a masallacin unguwarmu. Na yi sa'a na jeren gaba ne. Uku na baya suna ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su, don haka ranar da za ka canza fulogi, canza shidan gaba ɗaya ka huta.

Chrysler kuwa, kyau dai tana da shi, ban hana ta ba. Faffaɗan gaban nan nata yana sa a waiwayo, kuma a kan kwalta mai laushi tana zama daram, tun da tayoyin baya ne ke tura ta. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ƙirar 2005 zuwa 2010 da ka fi cin karo da ita da araha, sau da yawa mai ƙaramin injin nan ce, lita 2.7. Famfon ruwansa a cikin inji yake, sarƙar taimin ce ke juya shi, in ya lalace ruwa yana iya gangarawa cikin baƙin mai, kuma injin ya yi suna wajen daskarar da mai in aka yi sakaci da sabis. Mai lita 3.5 bel gare ta. Babbar, mai silinda takwas da suke kira Hemi, fulogi goma sha shida take sha, ga ta da ƙishin fetur. Kayan ƙafarta na gaba, bushin da tayarod, ba sa jimirin ramuka, kuma an san ta da maƙalewar giya a kan P. Wadda aka fara daga 2011 mai inji 3.6 ta fi dama-dama, sai dai gidan matatar manta na roba ne, yakan tsage ya yi yoyo. Duk waɗannan ana gyara su. Tambayar ita ce a ina, da kayan wa. Abin da za ka samu na Avalon a Panteka cikin awa guda, na Chrysler sai an buga waya kasuwar Ladipo a Legas, ko a jira mai zuwa daga waje, motar tana ajiye tana shan ƙura. Ga tagoginta ƙanana, a cunkoson Kasuwar Barci da 'yan Keke ke kutsowa ta kowane gefe sai ka yi da gaske kafin ka ga na kusa da kai.

Kada ka ɗauka Avalon ba ta da nata laifin. Wanda ya fi tsorata ni shi ne wani ɗan tiyon mai da ke gefen inji a ƙirar 2005 zuwa wajen 2009. Wani ɓangarensa roba ne, in ya fashe kana gudu baƙin mai zai tsiyaye ƙasa cikin ɗan lokaci, inji ya buga. Kamfanin da kansa ya dawo ya yi na ƙarfe zalla. Ranar da za ka duba mota, ka ce wa bakanike ya nuna maka shi da yatsa. In na roba ne, canza shi kafin ka fita Kaduna da ita. Na biyu dashbod: na ƙirar 2005 zuwa 2010 yana tsagewa ko ya yi danƙo in rana ta dake shi, kuma ka san ranar Maris da Afrilu a nan ba ta wasa. Ni tun makon farko na shimfiɗa masa mayafi, kuma ba na ajiye ta a fili in akwai inuwa. Na uku famfon ruwa, in ya tsufa yakan fara zufa, ka ga wani busasshen abu ruwan hoda a gefen injin. Wurinsa a matse yake, kuɗin aiki ya kusa kamo kuɗin kayan. Sannan motar doguwa ce kuma ƙasa-ƙasa. In gidanka yana cikin lungunan Rigasa ko Hayin Banki inda damina ke cinye hanya, za ka riƙa jin cikinta yana gogar ƙasa, sai ka koyi hawa tudu a karkace. Fitilunta da bamba da madubin gefe kuma nata ne ita kaɗai, ba ta haɗa su da Camry ba, don haka sun fi tsada kuma sai an nema.

Rabin ciwon da motocin nan ke yi a hannunmu, mu ne muke jawo shi. Kada ka yarda a cire maka abin daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi. Kada a zuba ruwan rijiya a lagireto, sayi ruwan sanyaya inji na gaske. Giyarta man Toyota WS take sha, kuma daga 2008, da aka koma giya shida, babu sandar auna man giya, akwai yadda ake auna shi daga ƙasa. Bakaniken da bai san haka ba, kada ya taɓa maka ita. Baƙin mai lita shida da ɗan ɗori take ɗauka, wanda aka rubuta a murfin injin shi za ka zuba, ba mai kauri da za a ce maka ya fi riƙe inji ba.

Fetur fa, gara ka ji tun yanzu. Tankin tawa lita 70 ne. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, da naira dubu goma sha uku da 'yan kai nake cika shi. Da lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, cikawa ɗaya ta koma sama da dubu saba'in. A cikin gari, da na'urar sanyi a kunne, tawa ba ta wuce kilomita bakwai a lita, a hanyar Zariya ko Abuja takan ba ni sha ɗaya zuwa sha biyu. In kullum zirga-zirgarka tsakanin Kawo da Sabo ce a cikin cunkoso, aljihunka zai ji a jikinsa. Chrysler ba za ta sauƙaƙa maka a nan ba, balle Hemi.

Kuɗin saye yana bin dala ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura dubu, ta kai ga wuce 1,500 a 2024, kuma kwastan da kuɗin dala suke lissafa haraji, don haka 'yar Beljiyam irin tawa ta ninka abin da na biya ba sau ɗaya ba. Shi ya sa mutane da yawa suka koma kan ta hannu. Za ka tarar Chrysler ta fi Avalon da aka ƙera su a shekara guda araha, kuma a nan ne mutane ke faɗawa. Arahar nan da ta jawo ka, ita za ta tare ka ranar da ka tashi sayarwa. Avalon mai lafiya ba ta daɗewa a kasuwa, ni kaina sau biyu ana tare ni a gidan mai ana tambaya ko ta sayarwa ce. In kuɗinka sun kai, nemi ƙirar 2013 zuwa 2018, ta fi sabon yayi, sai dai ƙafarta ta fi tauri kuma kujerar baya ba ta kishingiɗa. In ba su kai ba, 2011 ko 2012 ita ce zaɓina, sai 2008 zuwa 2010. Ko wacce ka ɗauka, kada ka zube duk abin da ke hannunka a wurin saye. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don mai, fulogi, tayoyi, batir da kayan ƙafa, domin babu tsohuwar motar da ba za ta nemi wani abu a watan farko ba.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, don ni an taɓa cuta ta. Kafin in samu tawa, wani dillali ya nuna min wata baƙa, tana sheƙi, ya rantse 2011 ce, wai wata Hajiya ce ta shigo da ita ba ta ko hau ba. Na ba da kafin alƙalami dubu ɗari a take don kada a riga ni. Washegari na zo da bakanikena. Bai ko kunna ta ba, ya leƙa lambar da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ya ƙirga da yatsa zuwa ta goma, ya ce, "Yallaɓai, 6 ce a nan." Ashe 2006 ce aka sauya wa bamba da fitilu. Ya ɗaga shimfiɗar but ya ciro safaya, sai ga busasshen yashi da tsatsa a ramin. Ƙarafan ƙarƙashin kujeru duk sun yi ja. Motar da ambaliya ta ci ce aka wanke aka fesa mata turare. Kuɗin nan har yau rabi kawai na karɓo, bayan zarya da haɗa shi da manya.

Saboda haka ka riƙe wannan. Lambar nan, VIN, harafi da lamba 17 ce, ta goma ita ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, A 2010, B 2011, D 2013. Ka tabbata ta gilashi da ta jikin ƙofar direba da ta takardun kwastan duk ɗaya ce, kuma ka kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin ka biya, don ranar da aka tare ka a hanya dillali ba ya wurin. Da lambar ake binciko tarihin motar a intanet, har hotunan gwanjon da aka sayar da ita a Amurka sukan fito, ka ga ko hatsari ta yi. Kada ka gaskata abin da agogon tafiya ya nuna, ana mayar da shi baya, dubi yadda sitiyari da fedar birki da kujerar direba suka cinye. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS dole su kama sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne don a ɓoye maka wani abu. A ɗaga motar a duba salansa, domin ana fafe abin tace hayaƙin nan da ke ciki, wanda bakanikai ke kira indomi, a sayar, a bar ka da shan mai da warin hayaƙi.

Ka je da sassafe, ka sa hannu a bonet ka ji da sanyi, don injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye ƙara. Bakanikenka za ka ɗauka, wanda kai za ka sallama, ba wanda mai motar ya kira ba, kuma ya zo da na'urar da ake jona wa mota ta karanto laifinta. Ku hau bayan gari ta Nnamdi Azikiwe ku taka ta sosai har giya ta shiga ta ƙarshe, ku dawo ta hanya mai ramuka ku saurari ƙafarta. In ka ga wadda ta kwanta maka, turo min lambar da hoton ramin safaya mu duba tare kafin ka ba kowa ko sisi. Allah ya sa a saya a sa'a.