Gargaɗi ga ɗaliban zane da masu haɗa katun: hattara da masu zuwa da "aikin kamfanin waje"

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne ga ƙannenmu masu karatun zane da haɗa hoto mai motsi, da waɗanda suka gama suna neman inda za su sa ƙafa, da iyayen da ke ɗauke musu kuɗin data da na laftof. Akwai wasu mutane da ke bin ɗalibai a Instagram da LinkedIn da Behance, shafin da masu zane ke baje aikinsu, suna cewa su wakilan wani kamfanin katun ne ko na tallace-tallace a ƙasar waje, wai ana neman masu zane daga Afirka. Babu kamfani, babu aiki. Damfara ce da aka zauna aka tsara, kuma wanda aka fi hari shi ne yaron da ya kammala aikinsa na shekarar ƙarshe, ya ɗora a intanet, yana jiran wani ya gani ya yaba.

Sunan da suke amfani da shi yau ba shi za su yi amfani da shi wata mai zuwa ba, wani lokacin ma sunan kamfani na gaskiya suke ara ba da saninsa ba. Saboda haka hanyarsu zan bayyana, domin ita ce ba ta cika canzawa ba.

Da yabo suke farawa, kuma ba yabon jeka-na-yi-ka ba. Za su ambaci takamaiman aikinka, su ce katun ɗin nan naka na yarinya mai tallar fura ya burge daraktansu, ko launin da ka zaɓa a fostar nan ya nuna kana da ido. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin lamarin. Yawancin yaranmu da suka karanta zane a Zariya ko Kano ko Kaduna sun sha jin ana ce musu wasan yara suke karanta, a gida ana tambayar su yaushe za su nemi aikin kirki. Sai ga wani daga Ingila ko Kanada ya ce aikinka ya kai a biya ka da dala. Wanda ya daɗe yana jiran wannan magana ba zai tsaya bincike ba, kuma sun san haka.

Daga nan sai a ce ku koma WhatsApp ko Telegram. Can za a yi maka "intabiyu" gaba ɗaya a rubuce, ba fuska, ba murya. In ka nemi kiran bidiyo a ce manaja yana taro. In sun turo imel, duba bayan alamar @ da kyau: ko dai Gmail ne, ko sunan kamfanin ne aka sauya masa harafi ɗaya.

Sai aikin gwaji. A nan ake fara yi maka sata tun kafin a taɓa aljihunka. Za a ce ka haɗa katun na daƙiƙa 30, ko tambarin kamfani da katin kasuwanci da fosta, cikin kwana uku. Wanda ba ya sana'ar zai ga daƙiƙa 30 ba komai ba ce. Mai yi ya san cewa a ƙa'idar hotuna 24 a kowace daƙiƙa, hotuna 720 ke nan, ko da bibbiyu ake tafiya, wato zane ɗaya ya tsaya a madadin hotuna biyu, zane 360 ne, ban da tsara labari da bango da sauti. Ga rashin wuta, ga man janareta, ga laftof da ke ɗaukar zafi ta mutu ana tsakiyar fitar da bidiyo. Yaro zai yi kwana uku bai runtsa ba. Idan ya gama, ba bidiyon kallo kawai za su karɓa ba, sai su ce ya turo asalin fayil ɗin, na manhajar da aka yi aikin da ita, kamar Photoshop ko Illustrator ko Blender, da duk sassansa a buɗe yadda za a iya sauya su, wai don darakta ya ga yadda yake aiki. Abin da bai sani ba, abokin ajinsa ma an ba shi gwaji, amma wani yanki daban na labarin. A raba aiki guda ga masu nema da yawa, kowa ya yi nasa kyauta, a haɗa a sayar wa wani.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana bayanka: abin da ka ƙirƙira naka ne, kuma mallakarsa ba ta komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Amma wanda ba shi da ofis, ba shi da suna na gaskiya, ina za ka kai masa sammaci? Kamfanin kirki ma yakan ba da gwaji, ban musa ba. Sai dai nasa ƙarami ne, na 'yan awanni, ko kuma ya biya ka ladan lokacinka, kuma ba ya neman asalin fayil.

Bayan kwana biyu sai albishir ya zo. Takardar ɗauka aiki mai tambari da sa hannu, albashi da dala wanda ko babban ma'aikacin banki zai yi sha'awa. A ƙasan takardar ne maganar take: kafin ka fara sai ka biya kuɗin lasisin manhajar da kamfani ke aiki da ita, ko kuɗin kwastam na allon zane da laftof da aka "riga aka aiko maka", ko kuɗin buɗe asusun karɓar dala. Za a mayar maka a albashin farko, in ji su. Lambar asusun da za a turo ta mutum ɗaya ce, da sunan ɗan Najeriya, alhali kamfanin wai yana Landan. In ka tambaya a ce wakilinsu ne na Legas.

Ku tsaya ku duba maganar lasisin nan. Blender kyauta ce ga kowa a duniya, haka Krita da Inkscape da GIMP. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya isa a tace fim. Autodesk, masu Maya da 3ds Max, suna ba ɗalibai lasisin karatu na shekara guda kyauta, ana sabuntawa muddin kana makaranta. Adobe kuwa a shafinsu ake biya, kuma suna da rangwamen ɗalibai. Kamfanin da ya ɗauke ka aiki shi zai ba ka kayan aiki da kuɗinsa. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya fara biyan ka, to kuɗinka ya zo nema.

Na san mai hidimar ƙasa da ta tura alawus ɗinta na wata, Naira 77,000 cur, a matsayin kuɗin kwastam. Washegari aka ce kaya sun iso filin jirgi amma akwai kuɗin inshora. Ta ranto ta ƙara, don tana ganin in ta tsaya na farkon ya tafi a banza. Da ta ce ba ta da sauran ko sisi, aka toshe lambarta. Yarinya ce mai kaifin basira, ba sakarya ba, kuma ta fi wata guda ba ta buɗe kwamfutarta ba saboda baƙin ciki.

Akwai wani reshe na wannan damfara da ba a neman kuɗi ko kaɗan, kuma ya fi haɗari ga masu riƙe wa shaguna shafukansu na Facebook da Instagram. Za a turo maka ZIP, wato fayiloli da aka ƙunshe wuri guda, mai kalmar sirri, wai bayanin aikin ne da samfura. Kalmar sirrin an sa ta ne don manhajar tsaro ta kasa leƙa abin da ke ciki. In ka buɗe za ka ga fayil mai hoton PDF, amma ainihin ƙarshen sunansa .exe ne ko .scr, kuma Windows tana ɓoye wannan ƙarshen in ba kai ka saita ta nuna ba. Ka danna, ba abin da ya buɗe, ka ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. A wannan lokacin an kwashe kalmomin sirrin da burauzarka ta adana. Kwana kaɗan sai a ƙwace shafinka da na mutanen da suka amince maka, a ci gaba da yaudarar abokan karatunka da sunanka da hotonka.

Haka nan in aka ce za a turo albashin wasu ma'aikata ta asusunka ka rarraba musu, ko aka ce an yi kuskuren turo maka fiye da kuɗinka ka mayar da ragowar, kada ka taɓa. Ko dai alat ɗin na bogi ne, ko kuɗin na sata ne, kuma ranar da aka biyo sawu mai BVN ɗin za a kama.

Su kuma masu yawo da fom ɗin 3MTT suna karɓar kuɗin rajista, ku sani shirin nan na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 yana koyar da haɗa katun da tsara fuskar manhaja, amma neman shiga kyauta ne, kuma adireshin shafinsa da gov.ng yake ƙarewa.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya zauna koyo a wurina shi ne, kada ka kunna kwamfuta kan aikin baƙo sai ka karɓi kafin alƙalami, ka kuma shiga manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, ba hoton rasit ba. Samfurin da za ka tura ya zama ƙarami, da sunanka a rubuce ya ratsa tsakiyarsa. Asalin fayil sai an cika kuɗi. In a shafukan haɗa mai aiki da mai ba da aiki irin su Upwork ko Fiverr kuka haɗu, ku tsaya a can, don da zarar kun fita babu mai tsaya maka. In sun ce suna da rajista a Najeriya, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da wurin binciken sunan kamfani. In na waje ne, nemi shafinsu da kanka, ba ta mahaɗin da suka turo ba, ka rubuta musu ka tambaya ko sun san wannan mutumin.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka kira bankinka nan take, ka ɗauki hoton hirar da lambar asusun da rasit kafin su goge, ka kai ƙara EFCC ko cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet. In fayil ka buɗe, canza kalmomin sirrinka daga wata na'ura daban, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sanar da masu shafukan da kake riƙewa. Ka faɗa a zauren ajinku, domin lambar da ta same ka tana kan hanyar samun na kusa da kai. Kuma ka shirya, bayan ka yi magana a fili wani zai shigo maka ta akwatin saƙo ya ce shi gwani ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, ka ba shi wani abu ya fara aiki. Shi ma ka toshe shi, ka haɗa lambarsa cikin ƙarar.