Wane fim ɗin teku ya kamata a saya don nuna wa ɗalibai a Yamai?

Malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar matasa da ke son nuna fim a kan rayuwar teku yana fuskantar tambaya guda tun kafin ya fitar da kuɗi: me zai sa yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Isa ba ya damu da abin da ke faruwa a ƙarƙashin teku? Amsar tana cikin magudanun ruwa na unguwanninmu, domin ledar da damina ke kwashewa zuwa kogi tana bin hanyar Najeriya har mashigin tekun Gini, duk da dokar 2014 da ta haramta irin wannan leda a Nijar.

Idan wannan ne abin da ake so yara su gane, Blue Planet II na BBC, wanda ya fito a 2017 da muryar David Attenborough, ya fi sauran amfani. Kashi 7 ne, amma ba dole a nuna duka ba. Kashi na ƙarshe, inda ake ganin robar da tsuntsayen teku ke ciyar da ƴaƴansu da ita, shi ne ya tayar da hankalin jama'a a Ingila, ƙasar da ta hana sayar da tsinken shan lemo na roba a 2020. Matsalarsa ita ce harshe, domin da Turanci aka yi shi, don haka a tabbatar da akwai fassarar Faransanci a faifan kafin a biya.

Océans na Jacques Perrin da Jacques Cluzaud, wanda ya samu kyautar finafinan Faransa ta César a 2011, ba shi da wannan matsala, domin maganar da ke cikinsa kaɗan ce, hoto da kiɗa ne ke ɗauke da labarin. A ganina shi ya fi dacewa da majigi a filin unguwa, inda tsofaffi da yara ke zaune tare, sai dai malami ya shirya bayani da Hausa ko Zabarmanci, tunda fim ɗin ba ya faɗin sunayen yawancin halittun da yake nunawa.

Le Monde du silence na Cousteau, mai binciken teku ɗan Faransa, na 1956, tarihi ne kawai: ana ganin ma'aikatan jirgin suna fasa duwatsun murjani na ƙarƙashin teku da nakiya.

Seaspiracy na 2021 kuwa ban ba da shawarar a fara da shi ba. Masana da dama sun soki wasu alkalumansa, kuma kiran da yake yi na daina cin kifi ba zai shiga kunnen ɗan masunci na bakin kogi ba. Ƙari a kan haka, a Netflix yake, wanda ke bukatar kuɗin wata da intanet mai ƙarfi, alhali faifan da aka saya sau ɗaya yana iya zagaya azuzuwa shekara bayan shekara.