Injin donot ko kasko? Ki riƙe kaskonki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin injin donot mai aiki da lantarki da suya a kasko da kika tambaya don karin kumallon yara, ki adana kuɗinki, kasko ne zai fishshe ki.

Injin ina da shi, yana can saman kabad cikin kwalinsa. Ba ya shan mai, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Nawa injin 'yan ƙanana bakwai yake fitarwa a zubi ɗaya, ɗanɗanonsu kuma na kek ne. Ga shi mu nan Garwa ta Kamaru wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai ɗauke wuta ya yawaita. Wata safiya na zuba kwaɓi na rufe, aka ɗauke. Yara sun sa kayan makaranta suna jira, da shayi da guntun burodi suka tafi. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Kaskona kuwa na ƙarfe ne mai kauri, Innata ta sa min shi cikin kayan aure. A cikinsa take soya mana makala, wato fanke, muna ƙanana, gindinsa ya yi baƙi wuluk, amma in ya ɗauki zafi ba ya saki. Gawayi ko gas, duk ɗaya ne a wurinsa. Bayan sallar asuba nake ɗora shi, kafin autana ya gama wanka ƙamshi ya kai zaure.

Sirrin saurin shi ne ki bar yis, don sai ya yi kusan awa ɗaya kafin ya tashi. Ki sa baƙar hoda, wadda masu shago ke ce wa levir shimik. Fulawa kofi 2, sukari babban cokali 4, baƙar hoda ƙaramin cokali 2, ƙwai 1, narkakken bota babban cokali 2, gishiri kaɗan, gyaɗar ƙamshi in kina da ita, sai madara wajen rabin kofi, ki riƙa zubawa a hankali har ya haɗu. Kada ki yi ta murza shi kamar na burodi, tauri zai yi. Ki barbaɗa fulawa a faranti, ki baza shi kaurin ɗan yatsa, ki yanka da bakin kofi, ki huda tsakiya da murfin kwalba. 'Yan ƙwallayen tsakiyar ma ki soya su, su yara ke fara wawasowa.

Wurin mai ne ake kuskure. Ki jefa ɗan gutsure: in ya taso nan take yana kumfa, ya yi. In ya kwanta a ƙasa, donot ɗinki zai sha mai. In ya yi baƙi da wuri, ki rage wuta, don ciki zai fito ɗanye. Kowane gefe minti ɗaya zuwa biyu. Ni man auduga na Diamaor nake sa wa, man gyaɗa yana danne ƙamshin bota.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Akwai masu kawo injin gwanjo na Amurka mai bolt 110, alhali tamu wutar 220 ce, kina jonawa zai ƙone, kuma ba za su karɓa ba. Akwai masu ɗura wani mai a tsohuwar gora su sayar da sunan na kamfani, sai ki duba murfin bai taɓa buɗuwa ba. Baƙar hoda ma ki karanta kwanan watanta, wadda ta kwana biyu ba ta tashi.

Ki auna busassun kayan tun da dare ki rufe a roba. Da safe ƙwai da bota da madara kawai za ki ƙara, cikin minti 20 kin sauke, ki haɗa musu da kunun gyaɗa mai zafi.