Firij mai famfon zuba lemo: ƙarfe mai kyau, tiyo abin haushi

Wannan firij ɗin mai famfo a ka, irin wanda Turawa ke zuba giya da shi, na saye shi ne don zoɓo da lemun citta mai gas a gida nan Katsina. Ya zo da tankin ƙarfe mai cin lita 19, da tukunyar gas ta CO2, da regileta (na'urar daidaita ƙarfin gas) mai agogo biyu. Tankin dai ba a magana, ba ya tsatsa, murfinsa yana kamawa gam. Sai dai da an murɗa famfo, kumfa ce ke cika kofi, lemon da ke ƙasa bai fi kurɓi biyu ba, shi ma gas ɗin ya tsere.

Laifin na tiyo ne, kuma mai sayarwa bai ce uffan ba. Tiyon da suka saka ƙafa 5 ne kacal, an auna shi ne don giya, wadda ake zubawa a kan 10 zuwa 12 psi (ma'aunin ƙarfin gas ke nan). Lemo kuwa, in ana son ya yi tartsatsi a harshe, sai an kai shi wajen 30 psi. Gajeren tiyo ba zai iya rage wannan ƙarfin ba, shi ya sa ruwan ke fitowa da gudu ya tarwatse. Maganin shi ne siririn tiyo mai faɗin rami 3/16 na inci, tsawon ƙafa 25 zuwa 30, a naɗe shi a ɗora kan tankin cikin firij. Kusan ƙafa ɗaya ke nan ga kowane psi ɗaya. In an daidaita, kofi mai rabin lita zai cika a cikin kamar daƙiƙa 10.

Da na koma wurin mai sayarwa, wai in rage gas. Haba malam! Rage gas ƙara ɓata abin yake yi. In lemon ya sha gas a kan 30 aka sauke agogo zuwa 10, iskar da ke cikinsa za ta riƙa fita tun a cikin tiyo. Ku duba tiyon da ido: in kun ga gurbin iska tsakanin ruwan, to ko ƙarfin ya yi ƙasa, ko lemon ya ɗumama, ko kuma ƙaramar robar da ke wuyan dogon bututun cikin tanki ta tsage tana shigar da gas. In tiyon cike yake amma ruwan na feshi, tsawo ne bai kai ba.

Bayan canjin tiyo, gaskiya na ji daɗinsa, zoɓon har ya fi na kwalba. Amma zafin garin nan ya tono wani aibin. Gas yana zama ne a ruwa mai sanyi, digiri 3 zuwa 4 a ma'aunin Celsius, firij ɗin kuma katangarsa siririya ce. A watan Afrilu, da an ɗauke wuta na 'yan sa'o'i, kumfa ta dawo, sai ya sake yin sanyi har ciki kafin ya natsu. Wuyan famfon da ke sama ma ba ya samun sanyi, don haka kofin farko kullum kumfa ne. Ƙaramar fanka da za ta tura sanyi cikinsa ba ta kai komai ba, amma ba su saka ba. Wanda ba shi da sola, ya yi tunani kafin ya zuba kuɗinsa.

Sauran kuwa hannu ne. A tace zoɓo da ƙyalle har ya yi garau, don tukar citta da ta abarba su ke tayar da kumfa, suna kuma toshe bakin tanki. A buɗe famfo gaba ɗaya, kada a yi rabi, a karkata kofi. In an jijjiga tanki a mota, a bar shi ya kwana. Sukari yana daskarewa a tiyo, sai a ɗauraye da ruwan ɗumi duk lokacin da tanki ya ƙare.

Zan iya cewa a saya, amma a sa kuɗin sabon tiyo da fanka cikin lissafi tun kafin a yi ciniki. A farashin da na saye shi, bai kamata a ce mutum ne zai je kasuwa neman tiyo da kansa ba.